Ɗorawa ta Shida

A iyakar gonarmu ta gabas akwai itatuwan ɗorawa biyar a jere. Ƙasar da suke tsaye a kai ta mahaifina ce, amma itatuwan ba nasa ba ne. A wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne, mutum yakan sayar da gona ya cire itacen da ke cikinta daga cinikin. Ɗorawar sojoji ake ce musu. Tun ina ƙarama nake jin sunan, kamar yadda nake jin sunan rijiyar bakin kasuwa, ban kuma taɓa tambayar dalili ba sai da na yi wayo.

Garinmu ƙarami ne, a arewa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona har babu dajin da akuya za ta ɓata a ciki. Idan ka wuce ta ƙarƙashin itatuwan nan ka tsallake wata 'yar hanya, za ka faɗa unguwar da muke kira unguwar ƙararrawa. Mutanenta Hausawa ne kamarmu, tuwonmu ɗaya, gaisuwarmu ɗaya, sai dai su Kiristoci ne, 'yan cocin Metodis. An ce wani ma'aikacin asibiti ɗan kudu ne ya zauna cikin kakanninsu tun zamanin Turawa, ya koya musu karatu da addu'a, ya tafi ya bar musu ɗakin ibada na ƙasa mai rufin kwano. Ƙararrawar tasu tsohon wilin babbar mota ne da aka rataye a reshen darbejiya. Ranar Lahadi da hantsi idan aka buga ta, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan ce, “To, maƙwabta sun shiga, mu ma a ɗora tukunya.”

Gonakinsu ba su da yawa, karatun boko kuma sun riga mu samu, saboda haka samarinsu suka riƙa shiga soja. Biyu sun tafi yaƙin Bama ba su dawo ba. Uku sun tafi yaƙin basasa, su ma shiru. Ba a kawo gawar ko ɗaya ba. Da mutanen suka rasa abin da za su binne, sai suka haƙa wa kowane mamaci rami a bakin gona suka dasa masa ɗorawa. A garinmu dangin mamaci ba sa haƙa kabarin nasu da hannunsu, maƙwabta ke yi musu, don haka ramin ɗorawar ma maƙwabci aka nema ya haƙa. Biyun farko kakan mahaifina ne ya haƙa. Ukun baya kakana ne, mutumin da carbi ba ya barin hannunsa sai zai kama fartanya. Daga baya, da mutanen unguwar suka fara watsewa zuwa birni, suka sayar masa da wannan gefen gonar, ban da itatuwan.

Lokacin da na tashi, gidaje kaɗan suka rage a unguwar. Mai kula da ɗorawar wata tsohuwa ce siririya da kowa ke kira Iya. Itace na uku a jerin, mai karkataccen reshe, na wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta san kowane itace da mai shi. Takan dafa gindin ɗaya ta ce mini, “Wannan ɗinki yake koyo, bai ma iya ɗora aljihu ba aka tafi da shi.” Ta matsa gaba ta ce, “Wannan kuwa ba ya cin miyar kuɓewa, ko yunwa za ta kashe shi.” Biyun da suka tafi Bama ba ta gan su da idonta ba, amma ta gaji labarinsu daga uwarta, tana ba da shi kamar jiya ta rabu da su. Ni kuwa yarinya ce mai yawan tunani. Idan ɗorawar ta yi fure, jajayen ƙwallayen nan suna reto a dogayen wutsiyoyinsu, sai in zauna a ƙasa in ɗaga kai, ina ganin kamar mutum biyar ne suka yi kwalliyar zuwa biki suka tsaya jiran na shida da bai gama shiri ba. Ban san abin da nake tunani ba a lokacin.

Da bazara, idan 'ya'yan suka bushe suka fara kaɗawa cikin iska, sai a sauke su da doguwar gora mai ƙugiya. Mu yara garin muke so, rawaya mai zaƙi, mu sha har ya liƙe mana a dasashi. Ɓawon ake jiƙawa a yi makuba a shafe bangon cocin kafin ruwa ya sauka. Ƙwayar kuwa, wato kalwa, ita ce ta Iya. Ta wuni tana dafa ta, ta surfa, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a kwando ta rufe da buhu ta bar ta ta kwana biyu ko uku, har warin ya tsallako hanya ya same mu a tsakar gida. Sannan ta daka, ta mulmula, ta shanya a kan tabarma.

Daddawar sojoji ba a sayar da ita. Iya ce ke ɗora ta a faifai ta bi gari gida gida, har gidan liman. A kowace ƙofa sai ta miƙa ta ce, “Daga sojoji.” Matar gidan ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Allah ya ba da haƙuri,” kamar jiya aka yi rasuwar. Haka ake yi tun kafin a kawo Inna garin. Gidanmu ne ke samun kaso mafi tsoka, saboda a ƙasarmu itatuwan suke sha.

Mai hawa itatuwan ya karkaɗo 'ya'yan da gora ba ta kai wa, jikan Iya ne, wanda ta riƙa tun iyayensa suka koma birni. Ajinmu ɗaya a firamare. Dogo ne, mai wushirya, ba ya iya tafiya ba tare da fito ba. Iya ba ta kiran sa da komai sai angona, irin wasan kaka da jika.

“Angona, sauko haka nan, kar ka faɗo ka bar ni da zawarci!”

“Ke tsohuwa, wa ya ce miki ina son ki? Haƙoranki nawa suka rage?”

“Sun ishe ni cin naman sadakina, marowaci.”

Da ya gama sakandare ya shiga soja. Na tuna zuwansa hutu na ƙarshe, ya dace da saukar ɗorawa. Ya cire manyan takalmansa ya jera su daidai a gindin itacen kakansa, ya naɗe ƙafar wando ya haye. Daga can sama ya hango ni ya ce, “'Yar jami'a, har yanzu kina shan garin ɗorawa ko kin fi ƙarfinsa?” Na ce ya jefo ya gani.

Ina shekara ta uku a jami'a, ina zaune a ɗakin da muke haya a Rijiyar Zaki a Kano, Inna ta kira ni a waya. Ta daɗe tana tambayata karatu da abinci, abin da ba halinta ba ne, sannan ta ce angon Iya ya rasu a can arewa maso gabas. An binne shi a can tare da abokan aikinsa. Jakarsa kawai aka kawo. Na ajiye wayar na ci gaba da kallon bango. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne takalman nan biyu a gindin itace.

Na dawo gida hutu a ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Kwana kaɗan da zuwana, da la'asar, muka ji sallamar Iya. Ba faifai ne a kanta ba, don ta riga ta raba daddawar shekarar. Wani tsohon gwangwanin madara ta rungumo a ƙirji, a cikinsa ɗan tsiro mai ganye sirara, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Mahaifina, da muke kira Baba, ya tashi daga tabarma ya ba ta wuri. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ya sake yi mata ta'aziyya, ta amsa. Sannan ta ajiye gwangwanin a tsakaninsu.

“Ɗana, daga kalwar itacen wana na tsirar da ita. Na zo neman rami.”

Baba ya dubi tsiron ya daɗe. Na san abin da yake gani. Gonar kakana an riga an raba ta tsakaninsa da 'yan'uwansa, abin da ya samu siriri ne, ga shi da 'ya'ya maza uku. A ƙarƙashin ɗorawa gero ba ya yin kirki, sai ya tashi rawaya, kansa kamar yatsa. Jerin biyar ɗin kuma ya ƙare ne dab da kusurwar gonar, inda ya yi shekara da shekaru yana zuba taki da jaki har ƙasar ta yi baƙi. Nan ne ta shida za ta faɗa, babu wani wurin.

Ya ce, “Iya, in a harabar coci ne, gobe da asuba zan zo da dagi. Ko mangwaro kike so, mai aure, in sayo miki a Ɗambatta, shekara uku ya fara 'ya'ya.”

“Mangwaro yara ne za su jefe shi ɗanye su shanye, shi ke nan. Ɗorawa kuwa babu tukunyar da ba ta shiga a garin nan.”

“To ɗorawar, a harabar coci.”

Ta girgiza kai a hankali. “Ka taɓa ganin soja ya tsaya shi kaɗai a bayan ɗaki? A layi suke tsayuwa. Tun yana yaro yake hawan su, ya san su.”

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, “A ba ni lokaci in yi tunani.”

A garinmu idan babba ya faɗi haka, kowa ya san abin da yake nufi. Iya ma ta sani. Ba ta nuna komai a fuska ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta ɗauki gwangwaninta, ta tsaya ta tambayi Inna ciwon gwiwarta, ta fita. Na raka ta har hanya, da za mu rabu ta ce, “Kar ki ga laifin babanki, ƙawata. Mai baki da yawa a gida dole ya ƙirga kunyoyin gonarsa.”

Washegari da dare ya yi aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya.

“Yau miyar nan lafiya?”

Inna ta ce, “Lafiya ƙalau, Malam.”

“Salam take, kamar ruwan wanke hannu.”

“Babu daddawa ne.”

“Ba kwanan nan aka kawo ba? Na ga kwando cike a ɗakinki.”

“Tana nan. Ta mutane ce. Ni dai hannuna ya ƙi ɗauka.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba, tana ta gyara wutar murhu. Baba ya sake kai loma. Ya cinye tuwonsa tas, don shi mutum ne da ba ya barin abinci, ya wanke hannu ya tafi masallaci. Haka aka ci gaba. Ran kasuwar Ɗambatta ya dawo da ƙullin daddawa a aljihu ya ajiye mata a bakin murhu. Inna ta karɓa ta yi godiya, ta zuba a miya. Da ya ɗanɗana sai ya yamutsa fuska.

“Wannan da waken suya suka yi ta.”

“Ai kai ka sayo.”

Ƙannena suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ni ban yi dariya ba. Ina son Baba, na kuma san ba rowa ke damun sa ba. Na sha ganin sa da sassafe ya tsaya a kusurwar nan yana murza ƙasa a tafin hannu.

Ana cikin haka ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro layi layi kamar an zana shi da alƙalami. Wata rana da hantsi na tafi gaishe da Iya. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Gwangwanin yana kusa da randa, inda ruwa ke ɗiga. Ta ce in ɗaga shi in gani. Na ɗaga, sai na ji ya ɗan riƙe. Saiwa ce fara, siririya, ta ɓullo ta hujin gindin gwangwanin ta fara kama ƙasa.

Ta ce, “Ɗorawa ba ta son zaman gwangwani. Saiwarta ƙasa take nema, kai tsaye. Kullum da safe sai na ɗaga ta na juya, don kar ta kama nan. Amma ba zan daɗe ina yi mata haka ba. In watan nan ya wuce, ko ta mutu ko in bar ta ta zauna a bakin randa.”

“Iya, ki sake yi wa Baba magana mana.”

“A'a. Na roƙa sau ɗaya, ya ji. Rami ba a haƙa shi da ɓacin rai.”

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, ranar da wanta zai tafi, ita ce ta ɗaukar masa akwati har bakin titi, tana amarya a lokacin, lalle bai goge a ƙafarta ba. Ya ce ta ajiye masa daddawa mai kyau, don ya ji an ce can kudu ba su iya miya ba. Ta yi 'yar dariya. “Shi ne har yau nake ajiyewa.” Ta ɗago ta dubi tsiron. “Shi kuwa angona bai bar mini saƙon komai ba, marowaci. Fito kawai ya yi ya hau babur.”

Na dawo gida ta ƙarƙashin itatuwan. Ganyensu ya yi sharaf, ruwan daren jiya yana ɗigowa ɗaya ɗaya. Na tsaya a kusurwar na dubi geron Baba, ya fi na ko'ina kauri da duhu. Na rasa wanda zan tausaya wa.

Na gaya wa Inna zancen saiwar. Ta ce, “Uhm,” ta ci gaba da tankaɗe.

Da la'asar ɗin ranar Baba yana zaune a tsakar gida yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Ina gefe ina wanke kwanuka, Inna tana riƙe da rariyarta. Shi ne ya fara yi mata magana, kansa a ƙasa.

“Kina gani kamar mugunta ce. Ni cikina ɗaya, kwano ɗaya ya ishe ni. Yaran nan nake dubawa. Gobe in an raba musu gonar nan, wanda kusurwar ta faɗo masa inuwa zai gada. Zai ce ubansa ya yi kyauta da abincinsa.”

Inna ta ajiye rariya ta karkaɗe hannu.

“Malam, in tambaye ka mana, kai da ka yi karatu. Mace in mijinta ya riga ta, ga 'ya'ya, mene ne rabonta?”

“Tumuni. Kashi ɗaya cikin takwas. Me ya kawo wannan?”

“To a auna mini tumunina daga kusurwar gabas. Inuwar ta faɗa a kaina. Yaranka su ɗauki rana.”

Baba ya saki ƙotar ta faɗi.

“La'ilaha illallahu! Ina zaune ina gyaran fartanya kin riga kin shiga takaba? Har kin zaɓi kusurwa?”

“Allah ya ja da ranka, ni ban ce gobe ba. Ɗorawa ai sai ta shekara goma sha kafin ta yi inuwar kirki. Ka ci geronka a hankali.”

“Ji ta! Har ta yanka mini wa'adi! To in ke kika riga ni fa?”

“Sai ka ce wa yaran wasiyyar uwarsu ce. In ga wanda zai sa mata gatari.”

Baba ya dube ni kamar yana neman mai shaida, ya ce, “Kin ji uwarki ko?” Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, Inna ta miƙa masa moɗa. Da ya sha ruwa ya riƙa juya fartanyar a hannu. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, “Shekara talatin ina cin daddawar mutanen nan. Mahaifina ma da ya haƙa ukun can, gonarsa ba ta fi wannan faɗi ba.” Ya ɗaga kai. “Je ki gaya wa Iya, ranar Lahadi in sun fito.”

Na tafi da gudu kamar ƙaramar yarinya, mayafina yana kama geron mutane. Iya ta saurare ni har na gama. Ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta juya ta dubi gwangwanin ta ce, “Ka ji, sai ka shirya.”

Ranar Lahadi gari ya wayi da lumshi. Baba ya ɗauki dagi da fartanya tun kafin a buga ƙararrawa. Ya tsaya a gindin ta biyar, ya saita idonsa da jerin, ya matsa, ya sake saitawa, kamar mai gyaran sahu. Inda ya tsaya akwai gero mai kyau, ya kai gwiwa. Ya tuge shi da hannunsa, gindi huɗu ko biyar, ya ba ni ya ce in kai wa tumaki. Wasu samari da ke wucewa suka tsaya suna kallo, ɗaya ya ce, “Malam, yau kai ne a aikin coci?” Baba bai ɗago ba, ya ce, “Aikin maƙwabci ne. In kana da ƙarfi zo ka karɓe ni.” Saurayin ya cire agogonsa, ya karɓi dagin ya yi 'yan sara kafin ya wuce.

Da aka tashi daga coci suka fito a jere ta 'yar hanyar nan. Ba su da yawa: mai yi musu wa'azi, wasu tsofaffi, mata da goyo, da iyayen mamacin da suka zo daga birni. Iya ce a gaba da gwangwaninta. Inna ma ta fito, ta tsaya daga baya cikin mata. Saiwar ta hana a zare tsiron, sai Baba ya durƙusa ya fito da wuƙarsa ya tsaga gwangwanin daga baki har gindi, a hankali, yana ciza leɓe, ya ɓare shi kamar ƙwai. Ƙasar ta fito a dunƙule, saiwar ba ta karye ba. Ya miƙa wa Iya da hannu biyu, ya ja da baya can gefe ya tsaya, fartanyarsa a kafaɗa.

Suka yi addu'arsu, suka rera waƙa da Hausa, muryoyin tsofaffin na rawa. Uwar mamacin ta yi kuka mara sauti. Iya ta durƙusa da ƙyar, ta saka tsiron a rami, ta tura ƙasa da tafin hannu ta danna. Kowannensu ya zo ya zuba tasa. Da suka gama ta zauna a ƙasa ta gyara wa ganyen zama da yatsa.

“To, angona, ga 'yan'uwanka nan. Ka tsaya daidai, ban da fito a layi.”

Wasu suka yi dariya suna share ido. Baba ya matso ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, Iya.” Ta ce, “Amin, ɗana. Allah ya sa a yi maka.” Da yamma ya koma shi kaɗai da damin ƙayar magarya, ya kewaye tsiron da shinge har ƙugu, saboda awaki idan kaka ta yi aka sake su. A daren nan miyar kuka ta dawo yadda muka san ta. Babu wanda ya yi magana a kai, sai dai Baba ya nemi ƙari.

Yanzu shekaru sun ɗan ja. Na gama karatu, ina aiki a Kano, ina zuwa gida idan na samu hutu. Ta shida ta wuce hular Baba, amma ba ta fara fure ba, kusa da sauran kamar yaro take a sahun manya. Rani biyu na farko Baba ne ya riƙa kai mata ruwa a jarka a bayan kekensa, yana cewa ai hanyarsa ce. Iya tana nan da rai, sai dai hannunta ya daina ɗaga taɓarya, idonta ma ya yi rauni. Takan ce ta san ba za ta ɗanɗani daddawar angonta ba, marowaci ne tun yana raye. Kalwar a gidanmu ake dafa ta yanzu. Inna ke surfe da wanki, Iya tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno tana shinshina iska tana cewa bai yi ba, a ƙara masa kwana. Idan daddawar ta bushe, wata jikar Iya ta ɗauki faifan, ni kuma in ina gari in bi ta, mu tsaya a kowace ƙofa ta ce daga sojoji, a amsa mana.

A zuwana na ƙarshe ina zaune a tsakar gida Baba ya dawo daga gona, ya jingine kekensa. Inna ta leƙo daga madafa.

“Sannu da zuwa, Malam. Yaya tumunina?”

“Yana nan lafiya, yana ta cin takina,” in ji Baba. Ya zauna ya miƙa hannu a zuba masa ruwa.